Ba Talaka Ba, Ba Mai Kuɗi Ba: Wa Zai Biya Wa Uwargida Kuɗin Asibiti A Amurka?

Yau filin namu zai ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, domin mu duba wata magana da ke hana matan aure da yawa barci a can, watau maganar kuɗin asibiti. Da yawa daga cikinmu in aka ambaci Amurka sai mu ɗauka ƙasa ce da ake tsintar kuɗi a bakin titi. Wasunmu kuwa suna da ƙanne ko 'ya'ya a birane irin su New York, wata tana kitso, wani yana tuƙa tasi, wani ya buɗe ɗan kanti, kullum muna jiran aike daga gare su. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ya kamata mu san abin da ke cin aljihunsu kafin su kai ga aiko mana.

A Amurka babu asibitin gwamnati na kowa da kowa irin na Ingila, inda mutum zai je a duba shi ya tafi ba a tambaye shi ko kwabo ba. Abin da ake yi shi ne inshora. Inshora kuwa kamar adashi ce, sai dai ita ba a kwasa bi da bi. Kowa yana zubi wata-wata, wanda ciwo ya kama shi ake ɗebo masa daga asusun. Wajen rabin mutanen ƙasar wurin aikinsu ne ke yi musu wannan inshora. Wanda ya kai shekara 65 gwamnati tana ɗaukarsa a shirin Medicare, masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai shirin Medicaid, wanda shi ne ke biyan kuɗin haihuwa wajen 4 daga cikin kowace haihuwa 10 da ake yi a ƙasar. Saura su wa ke nan? Saura masu sana'ar kansu, da manoma, da ma'aikatan ƙananan kantuna, da waɗanda suka bar aiki ba su kai 65 ba, da zawarawa da matan da mazansu suka mutu. Waɗannan su ne za su nemi kamfani da kansu, su saya da kuɗinsu.

Kafin shekarar 2014 mata su ne suka fi shan wuya a wannan ciniki. Kamfanoni a jihohi da dama suna tsawwala wa mace kuɗi fiye da namiji sa'anta, wai don mace ta fi zuwa asibiti. Yawancin inshorar da mutum ke saya da kansa ba ta ƙunshi haihuwa ba sam, sai ka ce haihuwa wani abin ƙawa ne da mace ke yi don ganin dama. Mai juna biyu in ta je saye sai a kore ta, haka mai ciwon sukari ko hawan jini, har ma wadda aka taɓa yi wa fiɗa aka ciro jariri tana iya gamuwa da ƙi. Suna cewa ciwon ya riga cinikin.

Dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Obamacare, ita ce ta kawar da wannan. Dole a faɗi gaskiya, ta yi wa mata rana. Ta hana a bambanta kuɗin mace da na namiji, ta hana a kori mai tsohon ciwo, ta tilasta sa awon ciki da haihuwa da kula da jariri cikin kowace inshorar da ake sayarwa ɗaiɗaikun mutane, ta ce a yi gwajin sankarar mama ba tare da an karɓi komai ba, sa'an nan ta bar 'ya'ya su zauna a inshorar iyayensu har su kai shekara 26. Ita ce kuma ta kafa kasuwannin inshora na gwamnati, waɗanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 2013. Kada ku ɗauka kasuwa ce mai rumfuna. A intanet take, ta Gwamnatin Tarayya sunanta HealthCare.gov, wasu jihohi kuma irin su California da New York suna da tasu. Kamfanonin 'yan kasuwa ne ke baza hajarsu a ciki, gwamnati tana matsayin sarkin kasuwa. An kasa hajar aji huɗu, akwai ta tagulla, da ta azurfa, da ta zinariya, da ta filatinam. Ta tagulla ita ce mai arahar zubi, amma wajen kashi 60 cikin ɗari na kuɗin magani take ɗauka, ta azurfa 70, ta zinariya 80, ta filatinam 90.

Tun da zubin yana da tsada, sai dokar ta ce gwamnati za ta tallafa. Ga inda gizo ke saƙar. An ɗauki wani ma'auni da gwamnati ke fitarwa kowace shekara na abin da ake kira layin talauci, aka ce duk gidan da samunsa bai wuce ninki huɗu na wannan layi ba za a taimaka masa, wanda ya wuce kuwa ko da dala 1 ce, ya ji da kansa. A lissafin da aka yi aiki da shi don inshorar 2026, ninki huɗun nan ya kama dala 62,600 a shekara ga mutum ɗaya, dala 84,600 ga miji da mata, dala 128,600 ga gida mai mutum huɗu.

Na san wata za ta juya waɗannan kuɗi zuwa naira ko sefa ta riƙe baki ta ce, mai samun wannan ai ya gama da duniya. Ki dakata tukuna. A shekarar 2024 samun gidan da ke tsakiyar jeri a Amurka, watau wanda rabin gidajen ƙasar suka fi shi rabi kuma ba su kai shi ba, kusan dala 84,000 ne. Ashe ke nan layin da aka ja wa miji da mata ya faɗo daidai kan talakan-tsakiya, irin mai gyaran famfo da matarsa mai ɗinki. Cikin kuɗin nan za a cire haraji, a biya hayar gida, a biya na mota da na makaranta.

Bari mu yi lissafin uwargida, irin wanda muke yi a kan tabarma. Ga miji da mata, kowannensu shekararsa 60, suna samun dala 84,000 a shekara. Suna ƙasa da layi, saboda haka a dokar 2026 abin da za su zuba don inshorar azurfa da ake auna tallafi da ita ba zai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na samunsu ba, wajen dala 700 a wata. Da nauyi, amma ana iya ɗauka. Sai Allah ya buɗa wa matar, ta sami ƙarin ciniki na dala 1,000 a shekarar. Samunsu ya zama 85,000, sun haura layi, tallafi ya yanke ƙat. Yanzu farashin kamfani gaba ɗaya ya dawo kansu, kuma dokar ta yarda a karɓi ninki uku a hannun dattijo na abin da ake karɓa a hannun saurayi. Ga masu shekarunsu abin yana kaiwa wajen dala 30,000 a shekara, a wasu jihohin ya fi haka. Fiye da sulusin samunsu ke nan, tun ba su ga fuskar likita ba. Ribar dala 1,000 ta jawo hasarar fiye da dala 20,000. Don Allah wane irin lissafi ne wannan?

An taɓa gyara abin na ɗan lokaci. A watan Maris na 2021, ana tsakiyar annobar korona, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a wata doka da ta ƙara tallafin, ta kuma goge layin nan, aka ce komai samun gida, zubin inshorar azurfa ba zai wuce kashi 8 da rabi cikin ɗari na samunsa ba. A 2022 aka tsawaita wannan rangwame har ƙarshen 2025. Jama'a kuwa suka amsa. Masu saye a kasuwannin gwamnati sun tashi daga wajen miliyan 11 a 2020 zuwa fiye da miliyan 24 a 2025. Abin mamaki, jihohin da suka fi samun ƙaruwa har da Texas da Florida, inda jam'iyyar Republican mai adawa da dokar ke mulki.

Da wa'adi ya matso sai rigima ta kaure a majalisa. 'Yan Democrat suka ce ba za su yarda da kasafin kuɗi ba sai an sabunta rangwamen, 'yan Republican suka ƙi, har ayyukan Gwamnatin Tarayya suka tsaya cik daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, 2025, kwana 43, abin da ba a taɓa ganin mai tsawonsa ba kafin nan. Aka buɗe gwamnati ba a daidaita ba. A watan Disamba Majalisar Dattawa ta jefa ƙuri'a a kan shawarar kowane ɓangare, babu wadda ta sami ƙuri'a 60 da ake bukata. Shekarar 2026 ta shigo, rangwame ya ƙare, layi ya dawo inda yake. Cibiyar KFF, wadda ta shahara wajen binciken harkar lafiya a can, ta ƙiyasta cewa abin da masu tallafi ke biya daga aljihunsu zai ninka har da ɗoriya, daga dala 888 a shekara zuwa 1,904 in aka yi raba-daidai. Ga irin miji da matan da muka yi lissafinsu kuwa ta ce ƙarin zai haura dala 22,000.

Abin da ya sa na kawo maganar nan filinmu shi ne, in aka bi diddigi, kan mace abin ke ƙarewa. A gidaje da yawa samun maigida shi ne babba, na uwargida shi ne ciko. To, in cikon ne zai haurar da gida bisa layi, wa kuke tsammani za a ce ya rage aiki? Ita za a ce ta daina karɓar ɗinki daga watan Oktoba, ita za a ce ta mai da masu kitso gida, ita za ta ƙi ƙarin girma a wurin aiki. Mu da muka san darajar sana'ar mace, muka san cewa 'yar ƙullin da ta ɓoye a ƙasan adaka ita ce ke fid da gida kunya ranar da maigida ya gaza, mun san abin da ake kashewa in aka ce mace ta naɗe hannu. Ƙasar da kullum take wa duniya wa'azin neman na kai, ga ta tana horon matar da ta nema.

Haka kuma dokar tana cin tarar aure, ko da ba da gangan aka yi ba. Namiji mai samun dala 60,000 da mace mai samun dala 60,000, muddin ba su yi aure ba kowannensu yana ƙasa da layin 62,600, kowa yana da tallafinsa. Ranar da aka shafa fatiha samunsu ya haɗu ya zama 120,000, layin ma'aurata kuwa 84,600 ne. Sun yi sallama da tallafi ke nan. Ba su kuma da damar su raba takardar harajinsu don su kauce, gama dokar ta ce ma'aurata sai sun haɗa takarda kafin a ba su, in ban da matar da ake duka ko wadda miji ya gudu ya bari.

Akwai wata kuma da ta fi kama da halinmu. Sau da yawa miji ya girmi matarsa da shekaru. Yana kaiwa 65 sai ya ajiye aiki ya shiga Medicare, ya huta. Ita kuwa da take raɓe a inshorar wurin aikinsa, tana da shekara 55 ko 58, sai ta wayi gari ba ta da komai, domin Medicare ba ya ɗaukar matar mutum don albarkacin aure kafin ta kai nata shekarun. Dole ta shiga kasuwa a daidai lokacin da farashinta ya fi tsada, lokacin da gwiwa da hawan jini suka fara sallama, kuma kuɗin fanshon mijin yana cikin abin da za a lissafa a ga ko sun haura layi. Wadda aka saka ko aka mutu aka bari, akwai wata tsohuwar doka ta 1986 da ta ba ta damar ci gaba da inshorar wurin aikin mijin har wata 36, amma ita za ta biya kuɗin duka, har da kason da kamfanin ke biya a da.

Sai kuma tarkon ƙarshen shekara. Tallafin nan ana ba da shi ne a kan kintace. A farkon shekara za ki faɗi abin da kike zaton gidanku zai samu, gwamnati ta riƙa tura wa kamfani kuɗi wata-wata a madadinku. In shekara ta ƙare aka zo lissafin haraji aka ga kun haura layi, duk abin da aka biya muku sai kun mayar. Mai albashi ya san abin da zai samu. Mai kitso fa, ko direban tasi, ko manomi? Wa ya san abin da kasuwa za ta yi a watan Disamba tun yana watan Janairu?

Wata za ta ce, to su sayi ta tagulla mana, tun da ta fi araha. Da yawa haka suke yi. Amma inshorar tagulla tana da sharaɗi, sai kin fara kashe kuɗinki har wani adadi kafin kamfani ya fara sa hannu, kuma wannan adadi a 'yan shekarun nan ya haura dala 7,000 ga mutum ɗaya. Iyakar abin da doka ta yarda gida ya kashe daga aljihu a 2026, ban da zubin wata-wata, ya haura dala 21,000. Wani bincike na 2022 ya nuna cewa ciki da haihuwa da jego suna cin kusan dala 19,000 a ƙasar. Saboda haka mace tana iya zama da katin inshora a jaka, tana zubi ba fashi, amma ta ji ƙullutu a jikinta ta yi shiru don tsoron takardar kuɗi. Kati ga shi nan, magani babu. Wannan kuwa a ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa fiye da sauran ƙasashe masu arziki, baƙaƙen mata kuma wajen ninki uku na farare.

Masu adawa da rangwamen suna da hujjarsu, bai kuma kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Suna cewa an yi shi ne don annoba, annoba kuwa ta wuce. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa mai da shi na dindindin zai ci wajen dala miliyan dubu 350 cikin shekara goma. Suna cewa don me za a karɓi harajin mai wanke-wanke a tallafa wa gidan da ke samun dala 130,000? Suna kuma nuna cewa an kama dillalan inshora suna rubuta sunayen mutane ba da saninsu ba don su ci la'ada, wannan kuwa ya faru.

Amma ni a ganina hujjar ta yi rauni a wuri guda babba. Ma'aikacin babban kamfani, ko da albashinsa ya kai dala 300,000, kuɗin inshorar da wurin aikinsa ke biya masa ba a cire musu haraji. Inshorar iyali ta wurin aiki ta kai kusan dala 27,000 a shekarar 2025. Yafe haraji a kan wannan ai tallafi ne daga baitulmali, sai dai shi ba a kiransa da sunan, ba shi da layi, ba a kuma taɓa rufe gwamnati a kansa ba. Ashe manajan banki yana cin nasa a ɓoye, mai ɗinki ce ake wa gori. In za a ce mai hali ya ɗauki nauyin kansa, sai a fara daga sama. Maganar dillalai kuwa, ɓarawo ake kamawa, ba a rushe kasuwa don an yi sata a cikinta. Ofishin kasafin nan dai shi ne ya ce in rangwamen ya tafi, wajen mutum miliyan 4 za su rasa inshora nan da 'yan shekaru.

Inda na yarda da masu adawa shi ne, tallafi kaɗai zuba ruwa ne a kwando. Kuɗin yana bi ta hannun jama'a ne kawai ya wuce wurin kamfanoni, daga nan ya wuce asibitoci da masu yin magani. Dokar ta riga ta tilasta wa kamfanin inshora ya kashe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na zubin da ya karɓa a kan jinyar mutane, saboda haka tushen tsadar yana can wurin farashin gado da fiɗa da ƙwayar magani. A 2023 Amurka ta kashe fiye da dala 14,000 a kan lafiyar kowane mutum ɗaya, babu ƙasar da ta kama ƙafarta, amma mutanen Faransa da Japan da ke kashe abin da bai kai wannan ba sun fi su tsawon rai. Muddin ba a taɓa farashin ba, kowace gwamnati za ta yi ta jan bargo ne, in ta rufe kai ƙafa ta fito.

Ga kuma wani abu da duk wadda ta taɓa zama uwar adashi ta sani. In zubi ya yi tsada, masu lafiya ne ke fara janyewa, masu ciwo ba su da zaɓi sai su zauna. Da can akwai tara a kan wanda ya ƙi sayen inshora, amma dokar haraji ta 2017, zamanin mulkin Shugaba Donald Trump na farko, ta mai da tarar ba komai daga 2019. Yanzu saurayi mai jini a jika yana iya fita abinsa. In suka fita sai asusu ya rage daga tsofaffi sai marasa lafiya, kamfani ya ƙara kuɗi, wasu kuma su sake fita. Kamfanonin da kansu sun faɗa, lokacin da suke neman ƙarin farashin 2026, cewa tsoron wannan janyewa yana cikin dalilansu. Mai tallafi gwamnati ce ke shanye yawancin ƙarin. Wanda ya haura layi shi ke haɗiye shi ɗanye.

Abin da nake gani ya dace bai fi ƙarfin majalisarsu ba. Ba dole ne a mayar da rangwamen 2021 yadda yake ba in ana ganin ya yi yawa. Amma a mai da layin nan gangara, tallafi ya riƙa raguwa sannu a hankali yayin da samu ke ƙaruwa, yadda babu gidan da zai wayi gari cikin hasara don uwargida ta yi ƙoƙari. A kuma duba shekarun mutum, gama dala 85,000 a hannun ma'aurata 'yan shekara 30 da a hannun 'yan shekara 60 ba ɗaya ba ne a kasuwar da ta halatta ninki uku.

Ke kuma mai 'yar'uwa a can, in kun yi waya ki tambaye ta ko ta san inda gidanta ya tsaya game da layin nan. Kasuwar tana buɗewa ranar 1 ga Nuwamba a yawancin jihohi, 'yan makonni kaɗai take yi a rufe. Bayan nan ba a shiga sai da dalili, kamar aure ko haihuwa ko rasa inshorar wurin aiki, shi ma cikin kwana 60. Samun ciki kansa ba ya cikin dalilan da kasuwar tarayya ke karɓa, ko da yake wasu jihohi irin su New York suna karɓa, saboda haka amaryar da ke sa ran ƙaruwa ta shiga tun kafin. Mai sana'ar kanta ta riƙe littafin shiga da fita, domin ribar da ta rage bayan an cire kuɗin kaya da hayar shago ita ake lissafawa, kuɗin da aka ajiye a asusun tsufa da doka ta amince da shi kuma yana rage abin da za a ƙirga mata. In samu ya canja a tsakiyar shekara ta sanar da kasuwar nan da nan, kada ta jira lokacin haraji.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.